Tocila kayan aiki ce, kamar hauya da kwashe



Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ne da ke cikin kowane gida, amma ba mu lissafa shi cikin kayan aiki. Tocila nake nuhi, ta hannu da ta goshi.

In manomi za shi sayen hauya, ba shi gaggawa. Wurin maƙerin da ya sani za shi. Shi ɗaga ƙarhen, shi ƙwanƙwasa shi, shi ji ƙararshi, shi duba kaurin baki, shi gwada ƙota. In ƙarhen gwangwani ne, ko kyauta anka ba shi ba shi karɓa, don ya san ranar da za ta karye mashi tsakiyar noman farko. Amma wannan mutumen, in ya zo sayen tocila, sai shi tsaya gaban tebur, shi nuna wadda ta hi ƙyalli, shi tambayi wadda ta hi araha, shi biya, shi sa aljihu. Kasuwa uku ko huɗu, ta mutu. Shi koma shi sayo irinta.

Ra'ayina shi ne wanga: tocila kayan aiki ce. A zaɓe ta kamar yadda ake zaɓen hauya, a saye ta sau ɗaya mai ƙwari, a kula da ita. Tocilar araha ita ce mai tsada, kuma wani lokaci ba kuɗi kaɗai take ci ba.

AIKIN DARE BA KAƊAN BA NE

Waɗansu za su ce ai manomi da rana yake aiki. To, mu ƙirga tare.

Mai garka, ko a Jiratawa yake, ko Galmi, ko Ƙonni, ko fadamar Tarka, ko cikin Korama, ya san ban ruwa ba shi jiran rana ta hito. Cikin zahin watan Afrilu da Mayu, ruwan da anka ba shuka da tsakar rana wani kasonshi na iska ne. Don haka ake tashi tun asuba ta fari, ko a kai har bayan isha'i. Injin ban ruwa kuwa in zai tsaya, ba shi duba ko da haske ko babu.

Makiyayi ya san saniya da tunkiya ba su zaɓen lokacin haihuwa. Mai rumbu shina zagayawa da dare don ɓera da ɓarawo. Mata da yara masu kamun fara, cikin duhu da sanyin asuba suke samunta, lokacin da ba ta iya tashi. Ungozoma, da dare ake buga mata ƙofa. Uwar gida tana girkin dare cikin duhu, tana tashin asuba cikin duhu.

Ga kuma ƙwari. Da yawa cikin maƙiyan shukarmu da dare suke cin abinci, da rana su ɓuya. Tsutsar nan ta masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, da rana tana can cikin kan shuka a ɓoye, sai dare take hita ci. Malam-buɗe-littahin da ke haihuwar murzuna, bayan faɗuwar rana yake zuba ƙwai bisa zangarniyar hatsi. Akwai ƙwaron da ke sauka bisa bununin hatsi cikin dare, wanda iyayenmu ke hura wuta gehen gona saboda shi. Manomin da ya shiga gonarshi da tocila sau ɗaya ko biyu a mako, shina ganin maƙiyin da idonshi tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Wanda ya jira sahe, ramukan ganye kaɗai yake gani.

Sai babbar magana: maciji da kunama. Kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe-da-nisa, tana cikin gonakin kudancin ƙasarmu. Ƙarama ce, launinta launin ƙasa, kuma da magariba da dare take yawo. Dahinta shina hana jini daskarewa. Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, wato OMS, ta ce saran maciji na kashe mutum 81.000 zuwa 138.000 kowace shekara cikin duniya, kuma a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da anka yi sakaci da su. Cikin shawarwarin da likitoci ke bayarwa, biyu na hannun kowa: takalmi ruhe, da haske in za a tahiya da dare. Tocilar da ta mutu tsakiyar hanyar garka ta bar mai ita daidai inda ya hi bukatarta.

Kar mu ce mu jira wutar lantarki. Ana aiki, gaskiya ne: an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Amma a lissahin Bankin Duniya, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a Nijar, kuma mahi yawansu cikin birane suke. Ko ranar da waya ta iso ƙauyenmu, ba za ta bi mu garka ba, ba za ta bi mu garke ba. Tocila na nan tare da mu.

DON ME TA GOSHI?

Aiki da hannu biyu ake yi. Wanda ke gyaran inji da tocilar hannu, ko shi riƙe ta da haƙori, ko shi maƙale ta a wuya, ko shi tada yaro daga barci shi riƙe mashi. Yaron na gyangyaɗi, hasken na gehe, uban na faɗa. Tocilar goshi ta kashe wagga matsala: inda ka juya huska, nan haske yake, hannuwanka biyu na aiki.

Ba baƙon abu ba ne. Masu ginar zinariya, tun da anka buɗe Jado a 2014, sun san ta, har wanda ba shi da ita shina ɗaure tocilar hannu ga kai da igiyar roba. Abin da ya yi ma mai ginar zinariya amfani zai yi ma mai ban ruwa, da mai tatsar nono, da ungozoma.

Amma ta goshi ba ta maye gurbin ta hannu. Da damana tana kiran ƙwari zuwa huska. Kuma hasken da ya hito daga goshi ba shi nuna inuwar abin da ke ƙasa, sai hanya ta yi kamar shimhiɗaɗɗa. In za ka bi ta cikin ciyawa, tocilar hannu da ka riƙe ƙasa-ƙasa ta hi nuna rami da abin da ke kwance. Ke nan gida na bukatar biyu: ta goshi don aiki, ta hannu don tahiya.

A nan ina da magana da masu gida. A gidaje da yawa tocila guda ce, kuma aljihun mai gida take kwana. In ya tahi hira, haske ya tahi hira. Uwar gida na can tana tuƙa tuwo cikin duhu, tana ɗibar kara inda kunama ke kwana, tana duba yaro mai zazzaɓi da hasken murhu. Wa ya hi aiki da hannu biyu cikin dare, mai hira ko mai girki? In tocilar goshi guda gida ya iya saye, ni dai na ce ta uwar gida ce.

MU YI LISSAHI

Kun yi karatun yaƙi da jahilci, kun iya tarawa da ninkawa. Ku ɗauko alli ko biro mu yi tare. Kuɗin da zan sa misali ne. Kuɗin kasuwar Maradi ba ɗaya yake da na Tawa ko na Damagaram ba. Kowa shi share nawa shi sa na kasuwarsu.

Malam na farko shina sayen tocilar sefa 500, wato dala 100. Mu ce tana yi mashi wata uku. Shekara guda, tocila 4: sefa 2.000. Pil guda biyu, mu ce sefa 200, suna yi mashi mako biyu. Shekara na da mako 52, ke nan saye 26: sefa 5.200. A tara: sefa 7.200 a shekara. Shekara uku: sefa 21.600.

Malam na biyu ya sayi mai ƙwari wadda ake caji, tare da ɗan faranti mai shan rana, mu ce jika 10. Cikin shekara uku ya canza mata batir sau ɗaya, mu ce jika 2. A tara: sefa 12.000.

Tsakaninsu sefa 9.600. Ku mai da shi tiyar hatsi a kuɗin yau, ku ga kwana nawa gidanku zai ci. Na farko bai taɓa jin ya kashe kuɗi ba, don dala arba'in-arba'in suke hita. Na biyu ya ji zahi rana ɗaya. Amma wa ya hi biya? Kuɗin haske ba ranar saye ake ganinsu ba, ƙarshen shekara ne. Magabata sun ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa ba ta aiki.

TA INA TOCILA KE MUTUWA?

Tocilar da iyayenmu sunka sani tana da ƙwai mai ƴar waya ciki. Wannan ƙwan, hiye da kashi 9 cikin 10 na ƙarhin pil zahi yake mai da shi, ba haske ba, kuma da ya faɗi ya ƙone. Na yanzu sunanshi LED. Masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda aikin da ya kai ga wannan farin haske. Shina ba da haske ninkin-ba-ninkin na da, da pil iri ɗaya, kuma in an ƙera shi da kyau shina iya yin awa dubbai bai mutu ba.

To, in ƙwan ba shi mutuwa, me ke mutuwa? Ku tambayi mai gyaran rediyo ko salula na kasuwarku. Abu shida ne.

Maɓallin kunnawa, wanda ƙurar hunturu ke shiga.
Ƴar wayar nan mai naɗi da ke danne pil, wadda ke tsatsa.
Siraran wayoyin ciki da anka liƙa da ƙwauron darma.
Bakin da ake sa wayar caji.
Ga ta goshi, maganaɗin da take lanƙwasawa da shi, da igiyar da ke saki.
Sai batir da kanshi.

Duk waɗannan wurare ne da maƙerin tocila ke rage kuɗi, don ido ba shi ganinsu ranar kasuwa. Abin da ido ke gani, wato ƙyalli da launi da ƙwai goma sha biyu a jere, ba shi da tsada. Kallon kitse muke yi ma rogo.

KARATUNKU SHI YI MUKU AIKI

Jikin tocila da kwalinta da pil akwai rubutu. Ba don ado anka yi shi ba. Ga abin da za ku nema.

Na ɗaya, harahin pil. R20 shi ne babba, R6 matsakaici, R03 ƙarami. Duka volt 1,5 ne. In kun ga L gaban R, kamar LR6 ko LR20, wannan shi ne alkalin: ya hi tsada, amma ya hi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma ya hi jure ajiya. Ku duba wata da shekarar da anka rubuta jikinshi. Pil ɗin da lokacinshi ya wuce ya fara mutuwa tun bisa tebur.

Na biyu, irin batir ɗin da ke cikin mai caji. Da yawa cikin manyan tocilolin roba masu araha, ɗan batir na darma ne ciki, ƙanen na mota. Shina da nauyi, kuma in an bar shi ya daɗe babu caji, ba shi ƙara tashi. Wanda ya hi shi ne na litiyom, an rubuta Li-ion. Wanda anka hi samu sunanshi 18650: kaurinshi milimita 18, tsawonshi milimita 65, volt 3,7. Ana iya cika shi sau ɗaruruwa. Ku nemi tocilar da ake buɗewa a hidda shi a sa wani. Wadda anka liƙe da batir ciki, ranar da ya mutu ta mutu.

Na uku, mAh. Shi ne girman randar batir, wato yawan wutar da yake ɗauka. Batir 18650 na gaskiya ba shi wuce wajen 3.500. In kun ga an rubuta 8.000 ko 9.900, ƙarya ce, kamar a ce maka tiya guda ta ɗauki buhu. Na gaskiya nauyinshi wajen giram 45 ne. Jabu sau da yawa ba shi da nauyi a hannu.

Na huɗu, lumen, ana rubuta lm. Shi ne mudun haske. Kyandir guda wajen lumen 12 yake bayarwa. Aikin da ke gaban hannunka, lumen 30 zuwa 100 sun isa. Tahiya da duba garka, 100 zuwa 200. Batir 18650 guda mai kyau shina iya riƙe lumen 100 wajen awa 8 zuwa 10. In an ce lumen 1.000, awa guda ce ko kusa. Don haka ƴar tocilar da anka rubuta ma lumen 50.000 da "dare uku", ku aje ta. Wadda ke da mataki biyu ko uku, ƙaramin haske da babba, ita ce ta aiki: ƙaramin don kullum, babban don lokacin da ka ji motsi.

Na biyar, IP da lamba biyu. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. 6 na nuhin ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce: 4 na jure yayyahi da fantsama, 7 na jure faɗawa cikin ruwa mai zurhin mita 1 har minti 30. In an sa X a wurin lamba, ba a gwada wannan gehen ba. A ƙasar da ke da ƙurar hunturu da ruwan Agusta, mai IP65 ko IP67 ta hi dacewa da mai garka.

KAR A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Rubutu ma ana yi mashi ƙarya, don haka hannu shi taimaki ido. Gaban mai kaya, kahin ka biya:

Ka kunna ka kashe sau goma. In sau ɗaya ta ƙi, ta ƙi ke nan.
Ka kunna, ka girgiza, ka ɗan buga ta ga tahin hannu. In hasken ya yi rawa, wayar ciki ba ta zauna ba.
Ka kwance gindinta. Ka duba ko akwai zoben roba da ke hana ruwa da ƙura. Ka duba wayar naɗi, mai kauri ce ko kamar gashi.
Ka duba ko da ƙusoshi anka haɗa ta. Mai ƙusa tana gyaruwa. Wadda anka liƙe sai a fasa.
Jikin ƙarhen sanholo ya hi roba mai ƙyalli, don shina jure faɗuwa, shina kuma janye zahi daga ƙwai. In roba ce, ta zama mai kauri wadda ba ta lotsawa in ka matsa.
Ta goshi, ka ɗaura ta, ka sunkuya kamar mai ban ruwa. In ta zamo bisa hanci, ba ta aiki ba ce.

Sannan ka tambaya: in ta mutu cikin wata guda, ka karɓa? Mai kayan da ya yarda da kayanshi zai ce i. Shi rubuta maka a takarda, da rana da wata. Ai yanzu ka iya karanta abin da ya rubuta.

ABIN DA AKE CE MINI

Wurin zagayen gonaki, in na kawo wagga magana, amsa uku nake samu, kuma ba na raina ko ɗaya.

Ta farko: "Malam, talaka ba shi da jika goma a dunƙule." Gaskiya ne. Da bazara da tsakiyar damana, dala ɗari ma aiki ce. Amma hauya da buhun taki ma ba kullum ake sayensu ba. Lokaci ake sa musu. A sa tocila cikin sayayyar kaka, ko ta lokacin da anka hidda albasa da rake. Mata sun riga mu sanin hanya: asusun Mata Masu Dubara, da anka fara cikin jihar Maradi a 1991, da kuɗin mako-mako yake tara abin da mace ɗaya ba ta iya hiddawa rana ɗaya. Dala arba'in ɗin da ke tahiya wurin pil, in sun shiga asusu, cikin shekara biyu sun zama tocila. Koperatif ma na iya sayo ashirin ko talatin a tare wurin ɗan kasuwa guda, ta samu ragi, ta samu kuma wanda za ta riƙe in kaya sun lalace. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Ta biyu: "Mai tsadar ma jabu ce." Wannan ma na faruwa. Tsada ba shaida ba ce. Mahi yawan tocilolin kasuwanninmu daga ƙasar Sin ake ƙero su, masu kyau da marasa kyau duka. Mai sarowa ne ke zaɓen irin da zai kawo muna, kuma abin da muke saye shi yake ƙara kawowa. Maganin shi ne karatu da gwajin da munka faɗa. Ga hitilu masu aiki da rana kuma, akwai tsarin gwaji da Bankin Duniya ya fara a 2007 da sunan Lighting Africa, wanda tun 2020 ake kira VeraSol. Hitilar da ta ci wannan gwaji, an auna haskenta da ƙwarinta, kuma dole a ba da garanti na shekara guda ko hiye. Shugabannin koperatif su tambayi mai kaya ko tashi na ciki.

Ta uku: "Ai salulata na da tocila." Tana da ita. Ta isa neman takalmi cikin ɗaki. Amma tana cin hannu guda, tana shanye cajin da za ka kira likita da shi, kuma ranar da ta suɓuce cikin rijiya ko hanyar ruwa, ka yi hasarar abin da ya ninka kuɗin tocila sau da yawa. Ba a noma da wuƙar yanka nama.

RIƘO SHI NE RABIN ƘWARI

Ko hauyar babban maƙeri, in ta kwana cikin ruwa tsatsa take. Haka tocila.

Kar a haɗa sabon pil da tsoho. Tsohon zai zubo da ruwa shi cinye cikin tocila. In za a aje ta kwanaki, a hidda pil. Shanya mataccen pil a rana, ko tauna shi, ko daka shi da dutse, ba shi mai da wutar da ta ƙare. Ƴar sauran da ke ciki ce ke leƙowa, sai kuma shi fashe.

Batir na litiyom ba shi son zahi. Farantin ne ke son rana, ba tocilar ba. A sa faranti bisa rufin ɗaki ko bisa danga, a ja waya, tocila ta zauna inuwa. A share ƙura daga farantin da tsumma, don ƙura na rage abin da yake sha. Batir ɗin da ya kumbura ko ya huje, a daina aiki da shi, kar a jefa shi wuta.

Rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Abdu Mumuni, haihaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarhin rana, ONERSOL, tun 1969, shina neman yadda ranar da ke ƙona mu za ta yi muna aiki. Ɗan farantin da ke bisa danga yau, wannan tunanin ne ya iso ƙofar gida.

Gargaɗi uku kuma. Masu ginar rijiya: tocila ba ta gaya muku ko iskar ƙasa mai kyau ce. Harshen wuta ne ke mutuwa in iska ta ɓaci. Tocila na ci gaba da haske ko mutum na suma. Kar ku bar gwajin da kunka gada. Maharba: dokar farauta ta 1998 ta hana farautar dare, da hitila ko babu. Samari: in kun haɗu da mutum, ku sunkuyar da hasken. Haska huskar babba rashin kunya ne, ko da tocilar jika goma ce.

MATACCEN PIL INA ZA SHI?

Mu koma lissahinmu. Malam na farko shina zubar da pil 52 a shekara. Ƙauye mai gida 100, pil 5.200 ke nan. Ina suke? Suna bisa juji. Jujin nan kuwa shi muke kwasa da amalanke mu kai gona da sunan taki. Yara na fasa su don baƙin garin da ke ciki, su sa hannu baki. Awaki na kiwo wurin. Ruwan damana na wanke su zuwa tabki da bakin rijiya.

Batir na darma ya hi muni. A Caroy, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sunka mutu a unguwar da ake fasa tsohhin batura na mota don hidda darma. Darmar da ke cikin ƙaramin batir na tocila irin wannan ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba shi komawa.

Kar a jefa su wuta, kar a jefa su juji ko kusa da rijiya. A tara su cikin tsohuwar jarka mai marhi, inda ruwa da yara ba su kai. Amma babban magani shi ne rage yawansu. Batir guda da ake cikawa sau ɗaruruwa ya tsare gona daga kwandon matattun pil.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ƴan kasuwa, ku kawo mai ƙwari ko da kaɗan, ku kawo batir na canji tare da ita, ku yarda da garanti. Mai saye da ya ji daɗi shi ne zai kawo muku ƙauyensu.

Hukumomin da ke duba ingancin kaya, muna roƙo su sa ido bisa abin da ke shigowa. Yadda ake kama mai tauye mudu, haka ya kamata a kama mai rubuta 9.900 bisa batir ɗin da bai kai rabin haka ba.

Shugabannin koperatif da ƙungiyoyin mata, ku sa maganar cikin taronku na gaba, kahin kaka.

Ku kuma da kunka yi karatu, wagga takarda ba taku ba ce ku kaɗai. Ku karanta ma waɗanda ba su iya ba. Ranar kasuwa ku raka maƙwabci wurin mai tebur, ku karanta mashi abin da ke jikin kwali. Ku buɗe shahi guda cikin kayenku, ku rubuta ranar da kunka sayi tocila, da kuɗinta, da kowane pil da kunka sa mata, da ranar da ta mutu. Bayan shekara ku aiko muna da lissahinku, a karanta shi a rediyo, kowa shi ji wace iri ce ta jure ƙurar Tawa da ruwan Magariya. Shaidar manomi ta hi rubutun kwali.

Allah shi tsare mu da abin da ke cikin duhu, shi ba mu damana mai albarka. Amin.